Takunkumi a Haɓa

A ƙofar ɗakin jiran ganin likita, a wani asibitin gwamnati da na kai gwaggona cikin hunturun da ya wuce, akwai wata takarda manne da bango. Rana ta cinye launinta, gefe ɗaya ya ɓamɓare yana lilo, amma har yanzu rubutun na karantuwa: ba a shiga sai da takunkumi. A ƙarƙashinta ga bokitin nan mai famfo da aka taɓa ajiyewa don wanke hannu, wani ya kife shi ya mai da shi kujera. Muka ratsa ta gaban takardar, fuskokinmu a buɗe, maigadi ko ɗago kai bai yi ba. A ciki muka tarar da mutane sun fi hamsin a kan benci, kafaɗa na gugar kafaɗa, tagogi a rufe ruf saboda ƙura. Don in rage wa kaina zaman jira sai na shiga ƙirga masu takunkumi. Uku ne. Biyu ma'aikata, ɗayansu ya sauke nasa zuwa haɓa. Ta ukun budurwa ce, ita kuwa da ganin yadda baƙin takunkumin ya hau da mayafinta ka san kwalliya ce.

A bayanmu wani dattijo yana ta tari, irin tarin nan mai tasowa daga can ƙasan ƙirji, wanda in ya lafa sai mai shi ya yi shiru yana neman numfashi. Duk sanda ya yi sai a ce masa sannu. Sannu Baba. Allah ya sawwaƙe. Ba wanda ya matsa, don matsawa rashin kara ne. Ba kuma wanda ya miƙa masa abin rufe baki, don wannan ya ma fi matsawar muni. Gwaggo, mai ciwon suga da hawan jini, shekara saba'in da ɗoriya, tana zaune daidai gabansa. Iskar da ya fitar ita take shaƙa.

Ba a daɗe ba da lokacin da wannan ƙofar ba ta ƙetaruwa sai da ƙyalle a fuska. Abin ya zo mana kamar ruwan bazara, ya yi ƙarfi, ya ɗauke, ƙasa ta shanye kamar ba a yi ba. Zaman da na yi a bencin nan shi ya sa na waiwaya in ga daga ina abin ya faro, a kuma ina muka yar da shi.

Da muna yara, wannan ƙyallen na ɗakin tiyata ne kawai. Ba ka ganinsa sai an buɗe ƙofar nan mai ban tsoro, likita ya fito da koren kaya, ƙyallen na rataye a wuyansa, dangi su miƙe tsaye su zuba wa bakinsa ido. Ko suna ba mu da shi gare shi. Mu yara mun yanke hukunci tun tuni cewa saboda ƙarnin jini da warin ciki likita ke toshe hanci, manya ma da yawa haka suka ɗauka. Wato tun ganin farko muka fahimci abin a juye: mun zaci likita kansa yake karewa daga wanda ke kwance.

Asalin abin ba haka yake ba. A shekarar 1897, a birnin Breslau, wanda a lokacin yana cikin Jamus, yanzu kuma yana Poland, wani masanin ƙwayoyin cuta mai suna Carl Flügge ya nuna cewa ba sai mutum ya yi tari ko atishawa ba, magana kawai ta isa ta fesa ƙananan ɗigon yawu masu ɗauke da ƙwayoyin cuta. Abokin aikinsa a birnin, likitan tiyata Jan Mikulicz, sai ya fara ɗaura ƙyallen bandeji mai shara-shara, ya rufe hanci da baki har da gemu, kafin ya sunkuya a kan cikin da ya farke. Tsoronsa shi ne abin da ke bakinsa ya faɗa cikin raunin mutumin da ya ba shi amanar ransa. Mai lafiya ne ya ɗaure bakinsa saboda mara lafiya. Da wannan niyya aka haifi abin, kuma ita ce ta ɓace mana a hanya.

Na san ta ɓace ne saboda kawuna. A tsakiyar shekarun 1990 ya kamu da tarin fuka. Gida ya yi abin da aka sani: aka ware masa kwano da moɗa da cokali, aka yi musu alama, aka hana mu yara shan ragowar kokonsa. Amma da daddare a ɗaki ɗaya yake kwana da ƙannensa biyu, ƙofa a rufe, 'yar tagar an cusa mata tsumma saboda sanyi, wai kada iska ta ƙara masa tarin. Mun tsare kwano, mun bar iska, alhali ta iskar cutar ke bi. Ranar da na raka shi karɓar magani, nas ɗin da ke raba ƙwayoyi ta zaro hankici ta danne hancinta, ta miƙo masa ƙullin maganin da 'yan yatsu biyu, fuskarta na kallon bango. Kawu bai ce komai ba sai da muka fito titi. Sannan ya ce, "Ka ga yarinyar nan? Ƙyamata take yi." Ya warke, ya rayu shekaru da yawa bayan haka, amma har ya bar duniya in aka ambaci asibitin nan sai ya tuna hankicin.

Ban ga laifin tsoronta ba, ba abin da aka ba ta sai hankicinta. Ban kuma ga laifin fushinsa ba. A wajenmu rufe hanci a gaban mutum zagi ne, ko da ba a buɗe baki ba. Abin da ba wanda ya gaya wa su biyun shi ne cewa da ƙyallen a fuskar Kawu yake, da ya fi amfani. A shekarun 1950, a wani asibiti a Baltimore ta Amurka, Richard Riley da abokan aikinsa suka ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa wani keji da ke cike da ɓerayen masar a saman ginin. Dabbobin ba su taɓa kwanon kowa ba, ba su ga majinyatan ba, amma suka kamu. Bayan shekara hamsin da wani abu aka maimaita irin wannan gwaji a Afirka ta Kudu, da masu tarin fuka mai bijire wa magani, sai dai wannan karon majinyatan kan sa takunkumin tiyata yau, gobe su cire. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna cewa ɓerayen da suka shaƙi iskar ranakun takunkumi sun fi tsira: yaɗuwar cutar ta ragu da kashi 56 cikin ɗari. Ƙyalle ne mai araha, a kan bakin mai tari, ba a kan hancin mai tsoro ba.

Ɗaya fuskar abin, wato likita ya kare kansa, ita ma tana da nata tarihi. A ƙarshen 1910 wata annoba mai kama huhu ta ɓarke a arewa maso gabashin ƙasar Sin, ta yi ƙamari a Harbin, ta kashe kusan mutum 60,000 kafin ta lafa. Wani matashin likita, Wu Lien-teh, ya dage cewa ta numfashi take yaɗuwa, ya haɗa takunkumi na auduga da bandeji ya ce kowane ma'aikaci ya ɗaura. Wani likitan Faransa da ya girme shi, Gérald Mesny, ya raina maganar, ya shiga duba majinyata fuska a buɗe. Cikin 'yan kwanaki cutar ta kashe shi. Daga nan ba a sake buƙatar dogon bayani ba.

Mu dai duk wannan bai iso mu ba sai 2020. Kafin nan, in ka ga mutum da abin rufe hanci a titin Kano ko Maraɗi, ɗan acaɓa ne ko mai sharar titi, ƙura da hayaƙi yake gudu. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mai korona na farko a Legas, Nijar ta samu nata ranar 19 ga Maris, Kano kuma 11 ga Afrilu. Sai gidajen rediyo suka wayi gari suna neman sunan da za su ba abin. An gwada ƙyallen rufe baki da hanci, ya yi tsawo. Wanda ya zauna a bakin mutane shi ne takunkumi.

Ban san sunan da ya fi wannan rashin farin jini ba. Takunkumi shi ne abin da gardi ke ɗaura wa kura kafin ya shigo da ita kasuwa. Shi ne ragar igiyar da ake sa wa jaki in za a ratsa gona da shi, ko ɗan maraƙi don kada ya shanye nonon da za a tatsa. 'Yan jarida kuma sun daɗe da aronsa: takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iraƙi, wanda aka ƙaƙaba wa Iran. Kalma ce da ba ta tafiya sai da "ƙaƙabawa" a gefenta. Ka ce wa magidanci mai 'ya'ya da jikoki ya sa takunkumi, ka riga ka ɓata rabin huɗubarka. Na sha jin dattawa suna cewa, "Ni dabba ne?" Da fari ina ganin an yi kuskuren suna. Yanzu na canza ra'ayi. Ba don lafiyar kura ake ɗaura mata takunkumi ba, don 'yan kallo ne. Ba don jaki ba ne, don gonar mutane ne. Sunan ya faɗi gaskiyar da Mikulicz ya fara da ita, gaskiyar ce dai ba ta da daɗin ji: kai ne abin tsoron, ko da kuwa kana jin kanka garau. Korona ta tabbatar da haka, don mutum kan yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alamar komai.

Wanda ya zauna a Kano cikin Afrilun 2020 ba ya buƙatar a tuna masa. Azumi ya kama, gari a kulle, zafi kamar ya tsaga ƙasa, kullum sai an sanar da rasuwar wani dattijon da aka sani: malami, farfesa, tsohon ma'aikaci, mai unguwa. Masu haƙar kabari su suka fara faɗa cewa aikin ya fi ƙarfinsu, tun hukuma na cewa zazzaɓi ne da hawan jini. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ya ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomin cikin birni, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. A makonnin nan wasu asibitocin kuɗi sun rufe ƙofa, wasu sun daina karɓar duk mai tari da zazzaɓi. Mai ciwon suga da mai naƙuda suka rasa inda za su.

Daga 4 ga Mayu sa takunkumi a bainar jama'a ya zama dole. A Janairun 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi tara ko ɗaurin da ya kai wata shida. Teloli suka samu kasuwa, ƙyallayen atamfa da shadda da ake zubarwa suka zama kuɗi, har anko aka riƙa yi da shi a biki. A nan ne kuma muka ƙirƙiro salonmu: takunkumi a haɓa. Yana nan a maƙale kamar gemun aro, in an hango shingen jami'an tsaro ko ƙofar banki a ja shi sama, in an wuce a sauke. Da idona na ga mutum ya fito daga asibiti ya cire nasa ya miƙa wa ɗan'uwansa da ke jira a waje, shi ma ya sa ya shiga. Takunkumin ya zama katin shiga. Kuma ta yaya za ka ga laifin talaka, alhali yana kallon manya a talabijin sun cunkushe a jana'iza da taron siyasa, wanda ya kafa dokar shi ne farkon sauke nasa in zai yi jawabi? Da yawa suka ce cutar ta masu hawa jirgi ce, wasu suka ce hanyar cin kuɗi ce. Abin da aka koya wa mutum da bulala, ranar da aka ajiye bulalar yake ajiye shi.

A cikin asibiti kuwa labarin daban ne, don a can ba neman a sa ake yi ba, neman abin sawar ake yi. Takunkumin da aka yi don a sa sau ɗaya a yar, ma'aikaci kan lallaɓa shi kwana da kwanaki. Mai ƙarfin, wanda ake kira N95, mai tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska, ya zama kamar zinariya. Shi ma ba ya aiki sai ya manne da fata ta ko'ina, shi ya sa mai cikakken gemu ba ya samun cikakkiyar kariyarsa, matsalar da ba ƙarama ba ce a ƙasar da gemu ke da daraja irin tamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021 korona ta kashe ma'aikatan lafiya kimanin 115,000 a duniya. Hukumar kanta sai 5 ga Yunin 2020 ta ba da shawarar duk ma'aikacin da ke wurin duba majinyata ya zauna da takunkumi tsawon aikinsa, a inda cutar ke yaɗuwa. Kafin nan cewa ake yi mai lafiya ba ya buƙata. Wannan sauyin baki ya ci amanar mutane da yawa, har yau ana tuna shi.

To yana aiki kuwa? Masu cewa garkuwa ce da ba ta hudawa sun yi ƙari, masu cewa tsumma ne kawai su ma sun yi ragi. A Bangaladash an yi gwaji a ƙauyuka 600, mutum wajen 340,000. An raba takunkumi kyauta, an yi ta tunatarwa a kasuwa da masallaci, duk da haka masu sawa daga kashi 13 suka tashi zuwa 42 kawai, wato ba mu kaɗai ke da taurin kai ba. Inda aka raba na tiyata, masu kamuwa da korona har ta nuna alama sun ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari, a cikin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa da kusan kashi 35. Tun kafin korona, wani gwaji a asibitoci 14 na Hanoi, da ma'aikata sama da 1,600, ya nuna masu sa na yadi sun fi masu sa na tiyata kamuwa da mura da danginta, abin da ya kamata ya sanyaya mana gwiwa game da na atamfar nan da muka yi ta alfahari da shi. A Janairun 2023 cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwaje, ta fitar da nazarin da bai ga wani babban bambanci ba a cikin jama'a, aka yi ta yawo da shi a waya ana cewa asiri ya tonu. Bayan 'yan makonni babbar editar cibiyar ta fito ta ce an yi wa nazarin gurguwar fahimta: abin da ya auna shi ne tasirin cewa mutane su sa, kuma ko a nan bai kai ga yanke hukunci ba. Tsakanin "an ce a sa" da "an sa" akwai tazarar da duk wanda ya ga takunkumi a haɓa ya sani.

A kasuwa da tasha a ci gaba da gardama, ban damu ba. Asibiti ne ba na yarda a haɗa shi da kasuwa. Shi ne wuri ɗaya tilo da muke tara mai tari da wanda jikinsa ba zai iya ɗaukar tari ba, mu zaunar da su a benci guda na awa biyu ko uku. Mai wankin ƙoda, mai shan maganin daji, jaririn da bai kai wata tara ba balle a yi masa allurar ƙyanda, mai ciki, tsohuwa irin Gwaggo. Ƙwayar ƙyanda kan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma wanda ya fara shan magani yadda ya kamata, cikin 'yan makonni haɗarinsa ga wasu ke raguwa sosai. Abin tsoron shi ne wanda ba a gano ba tukuna, wanda ke zaune a layi da katinsa a hannu yana jira a kira shi. Ƙa'idar da masana tarin fuka suka daɗe suna faɗa ba ta da wuya: a tsayar da ma'aikaci ɗaya a ƙofa yana sauraron masu tari, a ba su takunkumi, a zaunar da su inda iska ke wucewa, a fara ganinsu.

Ba na kuma cikin masu son a dawwama fuska a rufe. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma rabin maganin da majinyaci ke samu a fuskar mai duba shi yake. Gwaggo kunnenta ya yi nauyi, da laɓɓan mutum take ƙarasa jin magana. A shekarun korona in likita ya yi mata bayani ta bayan ƙyalle sai ta yi ta gyaɗa kai don kunya, in mun fito ta ce, "Ɗan nan, me ma ya ce?" Yara kan tsala ihu in sun ga fuskar da ba baki ba hanci. Nas ɗin da ta yini a ɗakin da ba wuta ba fanka, a zafin Afrilun Sakkwato, ba wa'azi take buƙata ba in ta ja nata ƙasa ta sha iska. Asibitocin Ingila da Amurka ma sun janye dokar kowa da kowa tsakanin 2022 da 2023, sai dai wasunsu sun riƙe wata dabara: in sanyi ya shigo, mura ta yi yawa, su dawo da shi na 'yan makonni, in ta lafa su sassauta. Mu ma muna da lokutanmu, kuma kowace uwa ta san su ba sai ta duba kalanda ba. Hunturu na mura da tari ne, in zafi ya kunno kai kuma sai sanƙarau da ƙyanda.

A Disambar 2022 gwamnatin tarayya ta janye tilascin sa takunkumi. A wannan watan dai aka fara kai rahoton mashaƙo daga Kano. Cuta ce da aka ɗauka ta zama tarihi, mai shimfiɗa wata farar fata a maƙogwaron yaro har ta toshe masa numfashi, kuma ta feshin tari da atishawa take bi. Cikin 2023 ta kama dubbai, mafi yawansu a Kano, ta kashe ɗaruruwan yara, ta ɓulla a Yobe da Katsina da Borno, ta kuma ɓulla a yankin Damagaram. Maganinta na asali allurar rigakafi ce, rashinta ne ya buɗe ƙofar, ba takunkumi ne zai maye gurbinta ba. Amma uwar da ta kawo ɗanta da kumburarren wuya ta zauna a layi ɗaya da sauran yara kafin a gane me ke damunsa. A ɗakunan da aka ware wa cutar ma'aikata sun koma rufe fuska. A ɗakin jira kuwa, inda ake fara haɗuwa, takardar bango ce kawai ta rage.

Bari in ɗan ratse zuwa tagogin nan da na tarar a rufe. A 2007 aka fitar da wani bincike da aka yi a asibitoci takwas na Lima, babban birnin Peru. An gano cewa buɗe ƙofa da tagogi kawai kan sabunta iskar ɗaki kusan sau 28 a awa, fiye da ninki biyu na sau 12 da ake nema daga ɗakunan killacewa masu injin zuƙar iska. Tsofaffin gine-ginen da aka yi kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun kai sau 40. Duk wanda ya taɓa jinya a tsofaffin ɗakunan asibitocinmu ya san irinsu: rufi can sama, taga na kallon taga, baranda a zagaye. Yanzu in an tashi gyara sai a sauko da silin, a ƙanƙance taga, a sa gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, a kira mai girma ya yanke zare. In an ɗauke wuta, ga ɗaki ya zama tukunya da murfi.

Sai dubiya. Ba abin da nake ƙauna a al'adarmu kamar yadda ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Da la'asar asibiti kan cika da kulolin abinci da lemo da ayaba, mutum goma sun kewaye gado ɗaya, wannan ya kama hannu, wannan ya tofa addu'a. Ba na so a taɓa wannan. Amma a cikin goman nan akwai mai mura da ya ga rashin zuwa abin kunya ne, ya kuma ga rufe baki a gaban majinyaci ya fi rashin zuwan zama abin kunya. Abin mamaki, rufe baki ba baƙon abu ba ne gare mu. Sarki kan ja amawali ya rufe bakinsa, ba wanda ya ce ƙyamar talakawa yake yi, kwarjini ma yake ƙara masa. Buzu ba ya buɗe bakinsa a gaban surukinsa, girmamawa ce. Tun muna makarantar allo aka koya mana kare baki in za a yi atishawa ko hamma. Duk kayan da za a gina ladabin da su muna da su a gida. Ba a yi amfani da su ba ne, aka aiko mana da ɗan sanda.

A ranar nan ta hunturu, da tarin dattijon ya ƙi lafawa, sai na tashi na fita kemis ɗin bakin ƙofa na sayo takunkumi uku. Na fara sa nawa tun daga waje, don kada a ce wani nake nufi. Na ɗaura wa Gwaggo nata tana mita, wai zai shaƙe ta. Na ukun ya daɗe a hannuna. Hankicin nas ɗin nan na shekara talatin da suka wuce ya tsaya mini a rai, na rasa da wane baki zan fara. Daga ƙarshe na juya na ɗan rusuna.

"Baba, sannu da jiki. Ga wannan, saboda ƙurar nan, tana ƙara tari."

Ya dube ni, ya dubi abin, ya karɓa da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Wallahi ƙurar bana ba dama."

Wani yaro da ke gefensa ya taya shi maƙala igiyoyin a kunne. Ya zauna da shi tsaf, hanci da baki a rufe, har na fara jin daɗi a raina. Can sai tarin ya taso masa. Ya sa yatsa cikin natsuwa ya ja takunkumin zuwa haɓa don kada ya ɓata shi, ya yi tarinsa mai tsawo har ya ƙare, ya goge baki da gefen babbar riga, sannan ya mayar da shi yadda yake.

"Sannu Baba," in ji Gwaggo ta bayan nata ƙyallen.